Haddar Zubi Ba Ita Ce Gwanintar Tsara Manhaja Ba

Babbar manhajar kwamfuta, irin wadda banki ko asibiti ke aiki da ita, ba a dunƙule take ba. Sassa-sassa ce: wannan na ajiye bayanai, wancan na lissafin kuɗi, wani kuma na fitar da rahoto. Aikin mai tsara ta shi ne ya yanke inda kowane sashe zai tsaya, da yadda zai yi hulɗa da sauran. Tun a 1972 David Parnas ya nuna cewa sashe nagari shi ne mai rufe cikinsa, domin in an sauya wani abu a ciki, kada gyaran ya shafi maƙwabtansa.

Wajen koyon wannan aiki ne ake gabatar wa ɗalibi abin da ake kira zubin tsari, watau sananniyar hanyar warware wata matsala mai yawan aukuwa. Asalin wannan tunani daga fannin gini yake. A 1977 Christopher Alexander da abokan aikinsa suka wallafa littafi mai ɗauke da zubi 253 na gidaje da garuruwa. A 1987 Kent Beck da Ward Cunningham suka jarraba dabarar a kan manhaja. Sa'an nan a 1994 Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides suka fitar da littafin Design Patterns, mai zubi 23: biyar na ƙirƙirar abubuwa, bakwai na harhaɗa su, goma sha ɗaya na hulɗarsu.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ɗalibi da yawa kan haddace sunayen nan 23 ya ɗauka ya gama. Alhali marubutan da kansu sun ce kowane zubi yana da rukunai huɗu: suna, da matsala, da magani, da abin da maganin ke haifarwa. Wanda ya riƙe suna da magani, ya bar sauran biyun, kamar mai sayar da ƙwaya ne wanda bai san cuta ba.

Alal misali, a ɗauki zubin da suka kira Facade, wanda ya yi kama da zauren gida. A ce manhajar asibiti tana da sashen kati, da na biyan kuɗi, da na layin ganin likita, kuma wurare goma a cikinta suna kiran kowanne kai tsaye. Ran da aka sauya hanyar biya, sai an bi wurare goman nan an gyara. In kuwa an gina zaure guda wanda kowa zai tsaya a ciki ya yi sallama, gyara a wuri ɗaya ya wadatar. Amma fa zauren yana da nasa nauyi: in aka yi ta jibga masa aiki, sai ya kumbura ya fi gidan rikici. Manhajar da sashe ɗaya gare ta kuwa ba ta bukatarsa sam.

Masu goyon bayan hadda kan ce sunayen suna sauƙaƙa zance tsakanin ma'aikata. Wannan gaskiya ne, domin kalma ɗaya kan hutar da dogon bayani. Sai dai zubin ba doka ba ne. A 1996 Peter Norvig ya nuna cewa 16 daga cikin 23 ɗin kan sauƙaƙa, ko ma su ɓace, a harsunan kwamfuta irin su Lisp da Dylan. Ashe ke nan wasunsu faci ne ga raunin wani harshe.

Saboda haka ya kamata malami ya fara da matsala. Ya ba ɗalibi ƙaramar manhaja ya rubuta, sa'an nan ya sauya masa bukata sau biyu ko uku, har ya ji jiki wajen gyara. A lokacin ne zai gaya masa sunan zubin, da amfaninsa, da illarsa. Ɗalibin da ya sha wannan wuya ba zai dasa zubi don ado ba, kuma wanda zai gaji aikinsa bayan shekaru zai iya gyara sashe ɗaya ba tare da ya rushe sauran ba.