Mai Jinya Ma Tana Bukatar Likita

Duk maras lafiyar da aka kai gaban likita, akasari akwai wata a bayansa. Ko dai matar da ke juya mijinta mai shanyewar ɓarin jiki, ko kuwa 'yar da ta bar makaranta domin ta kula da mahaifiyarta. Likita yakan duba majiyyaci ya rubuta magani, amma ba kasafai yake ɗaga kai ya dubi wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba.

A Ingila, dokar kulawa ta 2014 ta ba irin waɗannan masu jinya haƙƙin a binciki bukatunsu. A nawa ra'ayin, likitocinmu ba sai sun jira doka ba. Tambaya ɗaya ta isa: "Wa ke kula da shi a gida?" Daga nan sai a auna jininta, a koya mata yadda ake ɗaga majiyyaci ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba, a kuma kira dangi su riƙa karɓar ta. Domin kuwa ranar da mai jinya ta kwanta, majiyyata sun zama biyu a gida ɗaya.