Noma Tushen Arziki: San Ƙwaro Kafin Ka Yi Feshi

A wannan mako za mu duba wata matsala ce wadda ta addabi duk wanda ya kafa ɗan lambu a bayan gida, ko a cikin buhuna da tsofaffin bokitai, domin samun abin miya. Matsalar kuwa ita ce ta ƙwari.

Dalilin ɗauko wannan batu shi ne abin da ya sami wani maƙwabcina. Bawan Allahn nan ya dasa tumatir da 'yar kuɓewa da alayyafo, yana ban ruwa safe da yamma, har iyalinsa sun fara sa ran hutawa da cefane. Rannan sai ya ga ganyen tumatir ya soma yin wasu fararen tabo kamar an babbaka shi. Bai tambayi kowa ba, ya nufi kasuwa ya sayo wani magani wanda ko takarda babu a jikin kwalbarsa, ya yi feshi har sau uku. Tumatir bai tsira ba, alayyafon da ke kusa da shi kuwa ba wanda ya yarda a sa shi a tukunya. Garin neman ƙiba ya samo rama. Kuskurensa ɗaya ne, watau ya shiga yaƙi bai san abokin gabarsa ba.

Abin da ya ci masa tumatir wata 'yar tsutsa ce wadda masana ke kira Tuta absoluta, manoman Kano kuma suka laƙaba mata suna Sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta tsallaka Sifen a 2006, ta bazu zuwa Afirka, sa'an nan a 2016 ta yi wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa mummunar ɓarna, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, wanda ke ɓuya da rana ya fito da dare, kuma mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 260. Da zarar tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta kutsa cikin ganye, ta riƙa cin tsakiyarsa tana barin fatar sama da ta ƙasa. Idan ka ɗaga ganyen ka duba shi a hasken rana za ka hango ta a ciki tare da baƙin kashinta. Tun da a ɓoye take, yawancin abin da aka fesa ba ya isa gare ta. Abin da ya fi shi ne a tsinke ganyen da ya kamu tun da wuri, a ƙone ko a binne shi da zurfi. Da dare kuma a ajiye kwanon ruwa mai ɗan sabulu a ƙarƙashin fitila, iyayen za su faɗa ciki.

Na biyu ita ce darɓa, wadda manoman wake suka sani sarai. Ƙananan ƙwari ne, baƙaƙe ko koraye, masu taruwa a tohon shuka da bayan ganye suna tsotsar ruwansa. Alamarta ita ce ganye ya nannaɗe, ya yi danƙo kamar an shafa masa zuma. Idan ka ga tururuwa na ta hawa da sauka a jikin shuka, to, duba da kyau, domin zaƙin da darɓa ke fitarwa suke bi. Ruwan sabulu kaɗan, ba mai ƙarfi ba, yana kashe ta idan ya taɓa jikinta.

Na uku shi ne farin ƙuda. Girgiza shukar, in ka ga wasu fararen abubuwa sun tashi kamar gari, to shi ne. Haɗarinsa ya wuce tsotsa, gama shi ne ke yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya ƙanƙance, ya murɗe, ya yi rawaya. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, sai dai a tumɓuke ta domin a ceci sauran. Launin rawaya yana jan farin ƙuda, saboda haka a sami faranti ko roba mai wannan launi, a shafa masa mai mai danƙo, a rataye a tsakiyar lambu.

Har ila yau akwai ƙananan ƙwarin nan masu tsalle waɗanda ke huda ganyen kuɓewa har ya koma kamar rariya. Barbaɗa toka da sassafe, sa'ad da raɓa ke kan ganye, yana rage su. Akwai kuma tsutsar da ke huda 'ya'yan tumatir, da wadda ke kwana a ƙasa ta fito da dare ta yanke dashe daga gindi. Waɗannan da fara, a ƙaramin lambu, hannu ya ishe su. A tsince su da safe a ba kaji.

Sai dai fa ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya abincinsa darɓa ne. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo mafarauta ne, rina na kwasar tsutsa ta kai wa 'ya'yanta, kwaɗo da ƙadangare su ma suna nasu aikin, ƙudan zuma kuwa shi ke haɗa auren furanni. Feshin kan-mai-uwa-da-wabi yana kashe waɗannan ma'aikata na kyauta, ya bar ɓarayin su dawo su tarar ba maigadi.

In lamari ya fi ƙarfin hannu, ga darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. A daka ƙwayar 'ya'yanta busassu kimanin giram 50, a jiƙa a ruwa lita 1 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa har bayan ganye. Da yamma ake yi, domin zafin rana yana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da girma yake yi, saboda haka a maimaita kowane mako. Bugu da ƙari, kada a riƙa maimaita tumatir da tattasai da attarugu da gauta a wuri ɗaya, gama dangi ɗaya ne, ƙwarinsu ma kusan ɗaya ne.

Wanda kuma ya ga lalle sai ya sayi maganin kanti, to, ya nemi shawarar malamin gona, ya sayi mai lambar hukumar NAFDAC, ya bi awon da aka rubuta, ya rufe hanci da jiki, kuma ya jira kwanakin da aka ƙayyade kafin ya ɗebi amfani. Fiya-fiya kuwa kada ta kusanci abin da za a ci. Mu tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar dichlorvos da aka samu a cikinsa. Abin da baƙo ya ƙi saye, bai kamata mu zuba wa 'ya'yanmu a miya ba.

A taƙaice, mai lambu ya ware 'yan mintoci kowace safiya yana juya ganye yana dubawa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maƙwabcin nawa ya sake dashe, kuma yanzu kafin ya karya kumallo sai ya zagaya lambunsa.