Ɗan gaba shi kaɗai ba ya cin wasa

Daga Sukukutane har Dogon Dutsi da Tibiri, duk inda aka zauna hirar ƙungiyar Mena, ɗan gaba ake fara yabo, shi kuma ake fara zargi. Ya kamata mu auna wannan al'amari da adalci.

Mu tuna Musa Ma'azu. A shekarar 2010, a birnin Yamai, shi ne ya jefa ƙwallon da Nijar ta doke Masar da ci 1 da 0. Wannan nasara tana cikin abin da ya kai ƙasarmu gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012. Amma a gasar 2012 da ta 2013, cikin wasanni 6, ƙwallo 1 tak Mena ta ci, kuma ba daga ƙafarsa ba.

Laifinsa ne shi kaɗai? A'a. Ɗan gaba yana jiran abin da ƴan tsakiya suka miƙo masa. Idan aka yi ta cilla masa ƙwallo daga nesa, abokan karawa biyu suna tsare da shi, gudunsa ba zai amfane shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka muna kira ga hukumar FENIFOOT da magadan gari su gyara filaye a karkara, su horas da malaman wasa, domin yaran Arewa su koyi miƙa ƙwallo tun suna ƙanana. Allah ya taimaki Nijar.