Rafin Getsi: Aikin Da Ke Jiran Matasa

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen rafin Getsi da rani ba ya bukatar dogon bayani, hancinsa ya ishe shi shaida. Wannan rafi yana kwaso dagwalon masana'antun Bompai, ya ratsa unguwannin talakawa a Ƙaramar Hukumar Nassarawa, ya haɗe da Jakara, su zarce madatsar ruwa ta Wasai a Minjibir. Haka rafin Salanta ke kai na Sharada cikin kogin Challawa, kogin da Kano ke ɗibar ruwan famfo a cikinsa tun zamanin Turawa.

Ɗan Islamiyya ya san ruwan da launinsa ko warinsa ko ɗanɗanonsa ya jirkita da ƙazanta ba a tsarki da shi. To abin takaici, ruwan da ba ya halatta a yi alwala da shi, da shi ne manoman rani ke ban-ruwan latas da alayyafo da karas, washegari a kai kasuwa. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, amma masana'antun fata da sinadarin kuromiyom suke yi. Masana a Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun wannan sinadari da dalma. Waɗannan ba sa ruɓewa, taruwa suke yi a ƙasa da jikin mutum, su illata ƙoda da ƙwaƙwalwar yara.

Ba doka aka rasa ba. An kafa hukumar FEPA a 1988 bayan an jibge guba daga Italiya a garin Koko, sannan aka kafa NESREA a 2007. Tace dagwalo kafin a sake shi wajibi ne a kan mai masana'anta, kuma babu aikin gayyar da zai ɗauke masa wannan nauyi. Amma shin sai matasa su naɗe hannu suna jiran ranar da masu kuɗi za su ji tausayin raunana?

Akwai darasi a Maraɗi. Tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututturen gawo ko kalgo ko sabara, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a raine shi, a sassabe sauran. An kiyasta hakan ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Ba a ɗakin taro ilimin ya yaɗu ba. Manomi ne ya je gonar ɗan'uwansa, ya gani, ya kama lauje ya gwada.

Irin wannan zama ake bukata a Gama da Dakata da Gwagwarwa da Tudun Wada. Matasan da ke iya cika fili don ƙwallo za su iya ware safiya ɗaya a mako. A gayyato malamin gona ya nuna yadda ake haɗa ƙasa da taki a leda, a raini irin bagaruwa da darbejiya, a dasa su da faɗuwar damina a kange su daga awaki. A koyi dasa jema a gaɓar rafi, don saiwarta na riƙe ƙasa. A gane cewa bakin gurɓataccen ruwa ba wurin zogale ko wani abin ci ba ne. A koyi ɗibar ruwa a kwalba mai tsabta, a rubuta rana da wuri, a kai awo, domin koke mai hujja ya fi ƙarfin surutun majalisa. Kuma kada kowa ya shiga ruwan nan ba takalmin roba da safar hannu.

Kada a mai da manoman rani abokan gaba. Neman halali ya kai su can, kuma su suka fi kowa sanin lokacin da ruwan ke sauya launi. A zauna da su cikin girmamawa, tare da masu unguwanni da limamai.

Wanda ya dasa itace ya raine shi ya bar sadaka mai gudana. Damina ba ta jiran kowa, don haka tun da rani ake fara rainon iri. Allah Ya sa a dace.