Kiɗa ɗaya, ɗauka huɗu, da abin da kunnen Yaya ya gane

Masu bibiyar wannan fili sun saba in kawo musu zancen farashin kaya a Cinkassé ko wahalar hanya da damina. Yau a yi mini afuwa, zancen kiɗan fim ɗin Indiya zan yi. Na san akwai wanda zai ce Alhaji ya girma bai san ya girma ba. To, a bari in kai aya tukuna.

Yayana, wanda ya ɗauko ni daga Kano ina saurayi ya koya mini zaman tebur a zangon Sokodé, yanzu ya haura saba'in, kuma ciwon suga ya tafi da ganinsa. Yini yake a zaure, carbi a hannu, rediyo a gefe. Watan jiya na rufe shago a nan Tandjouaré na je duba shi. Muna cikin hira sai ya ce, "Auta, kana tuna kaset ɗin nan namu na fim ɗin Sarki Akbar? Ina so in ƙara jin sa." Mutumin da tun da nake bai taɓa roƙona ko dala ba, yau ga abin da ya roƙa. Na ce, "Yaya, an gama." A raina abin na minti biyar ne, tunda ɗana na biyu sana'arsa ke nan a Dapaong, gyaran waya da tura waƙoƙi a katin memori.

Ga yaran da ba su san shi ba, sunan fim ɗin Mughal-e-Azam. Ya fito ranar 5 ga Agusta 1960, K. Asif ne ya ba da umarni. Labarin Yarima Salim ne, ɗan Sarki Akbar, da ya kamu da son wata mai rawa a fada, Anarkali, uba ya ce sam, har ta kai uba da ɗa suka ja daga. Dilip Kumar ne yarima, Madhubala ce Anarkali, Prithviraj Kapoor kuma sarki. Wanda ya tsara kiɗan shi ne Naushad, mutumin Lucknow, wanda kuma shi ya yi kiɗan Mother India da iyayenmu suka haddace. Cikin mawaƙan akwai Lata Mangeshkar, da Mohammed Rafi, da Shamshad Begum, sai babban ustazun waƙar gargajiya Bade Ghulam Ali Khan, wanda ake ba da labarin ya yanka rupi 25,000 kan kowace waƙa don a ƙyale shi, sai kawai aka biya.

Yaron ya cika kati, na ba wani direban da na sani ya kai Sokodé. Kwana biyu sai ga waya. "Auta, na gode, Allah ya yi wa yaron albarka. Amma wannan ba shi ba ne." Na ce Yaya sunan fim ɗin ne fa a rubuce. Ya ce, "Ni ba na ganin rubutu. Muryar tasu ce, makaɗan ba su ba ne."

Wallahi da farko na ɗauka rigimar tsufa ce. Sai da na zauna da yaron daren Juma'a, muka bi abin da ya tura ɗaya bayan ɗaya da abin saƙalawa a kunne, sannan na gane makaho ya fi mu gani. Ashe abin da ke yawo da sunan kiɗan wannan fim ba ɗauka ɗaya ba ce.

Wanda yaron ya tura na 2004 ne. Asalin fim ɗin baƙi da fari ne, in ban da wasu 'yan wurare da aka ɗauka da kala tun farko, kamar rawar ɗakin madubai. Bayan shekara 44 aka bi shi da kwamfuta aka shafa masa kala gaba ɗaya, aka sake fitar da shi a silima ranar 12 ga Nuwamba 2004, rana ɗaya da Veer-Zaara da matanmu suka sani. Silimar zamani lasifika ce ta ko'ina, gaba da baya da gefe, tsohon sauti kuwa ta hanya ɗaya yake fita. Don haka suka tsame muryoyin mawaƙan daga tsohuwar ɗauka, suka tara sababbin makaɗa suka sake buga kiɗan. Uttam Singh ne ya jagoranci aikin, Naushad kuma yana raye lokacin, da hannunsa a ciki, sai 2006 ya rasu. Saboda haka ba jabu ba ne, mai kayan ya sa albarka. An kuma rage tsawon fim ɗin daga minti 197 zuwa 177, wasu waƙoƙi suka faɗi a hanya.

In faɗi gaskiya, na 2004 yana da daɗi. Wurin yaƙi, in tambura suka tashi, za ka ji kamar dawakin ta bayanka za su ɓullo. Goge ya fito tas, kowane abin kiɗa da wurin zamansa. Inda ni kunnena ya tsaya shi ne kan muryar. An ɗauke ta a 1960 ko kafin nan, an kankare mata tsohon kiɗan da ke manne da ita, to wajen kankarewa ta ɗan rame. Sai ka ji makaɗa suna nan kusa da kai a ɗaki, mai waƙar kuma tana can nesa kamar ta waya. Kamar ka ɗauki tsohon aikin aska na hannu ka ɗora shi kan sabuwar shadda: kowanne mai kyau ne, amma duk wanda ya san riga zai gane ba tare aka haife su ba.

Na biyu da muka tarar shi ne wanda ake kira jankar. Duk wanda ya yi fataucin kaset wajen 1990 ya san shi ko bai san sunansa ba. Tsohuwar waƙa ce ake ɗorawa ganga ta inji, tas-tas-dum, tas-tas-dum, daga farko har ƙarshe, a ƙara mata amsa-kuwwa. Daga Indiya da Pakistan aka riƙa yo shi. Direbobin manyan motoci suna son sa, don ƙugin inji ba ya haɗiye shi, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma na sha jin sa tsakanin Kanté da Mango har barci ya gudu. Amma a kan wannan kiɗa ɓarna ce. Makaɗin tabla na Naushad yana bin mai waƙa ne, in ta ja numfashi ya jira ta, in ta taso ya taso. Inji ba ya jiran kowa. Akwai ma wata waƙa a fim ɗin da Anarkali take cikin sarƙa a kurkuku tana kamun ƙafa da Manzon Allah (SAW), na ji an ɗora mata wannan gangar kamar ta gidan biki. Nan na ce wa yaron kashe.

Na uku shi ne tsohon, na asali, wanda kamfanin HMV ya buga a faifai, kamfanin nan mai tambarin kare da garmaho. A Indiya sunansa ya koma Saregama tun shekarar 2000, kuma su ne suke sake fitar da tsofaffin waƙoƙin a intanet. Sautin a dunƙule yake, ba faɗi, in makaɗa suka taso gaba ɗaya sai su cakuɗe. Amma murya da kiɗa jiki ɗaya ne. A waƙar ɗakin madubai akwai wani amo da ke bin muryar Lata, labarin da ya shahara shi ne a banɗakin situdiyo aka sa ta ta rera don bango ya maido da sautin, tunda ba injin yin haka a lokacin. A tsohon, wannan amon a zaune yake cikin waƙar. Sai dai mai saye ya sani, abin da ke faifai ba lallai ya zama daidai da abin da ke fim ba. Tsohon faifan garmaho fuska ɗaya ba ta ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai, don haka a zamanin akan gajarta waƙa don ta shiga. Kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin magana kuwa, wanda shi ne rabin aikin Naushad, sai a cikin fim ɗin kansa za ka same shi.

Ga mai son rarrabewa da kansa, abin ba wuya. Saƙala abin ji a kunnuwa biyu. In abin da ke dama shi ne a hagu, tsohon ne. In goge na wannan kunne tabla na wancan, sabon ne. In ka ji ganga ba ta canja taku ko sau ɗaya, jankar ne. Sannan ka duba nauyin fayil. Waƙa mai matsakaicin kyau tana cin kusan megabait ɗaya kowane minti. In ka ga ta minti huɗu ba ta kai megabait biyu ba, an matse ta don kati ya ɗauki da yawa, kuma abin da ke fara mutuwa shi ne siririn sautin sama, ƙararrawar ƙafar mai rawa ta koma kamar ana murza leda. Na ce wa ɗana daga yau ya ware su, ya rubuta tsoho, sabo, jankar, ya faɗa wa mai saye. Ya ce, "Baba, wa ya damu? Kowa waƙa kawai yake so." Na ce Baffanka ya damu. Kuma ko a littafin ciniki aka karantar da mu bayyana abin da ke jikin haja. In na sayar maka da batir ƙarami a kwalin babba, ai ba za ka ce batir batir ne ba.

Wannan karon ban aika ba, da kaina na hau mota, na bi ta Mango da Kara da Bafilo har Sokodé, da duka ukun a waya. Jankar ko daƙiƙa goma bai yi ba Yaya ya ɗaga hannu: "Wannan na 'yan tasha ne." Da na sa tsohon sai ya yi shiru, carbi ya tsaya. Ya saurari waƙa uku bai ce uffan ba. Ana tsakiyar waƙar Rafi, wadda ake cewa 'yan amshi ɗari aka tara mata, sai ya gyara zama kamar mai jiran wani abu. Waƙa ta ƙare. Ya ce, "Shi ne. Amma yana sauri. Kuma ya wuce wurin."

Saurin na gane shi nan take, don sana'ata ce. Rikodar Yaya da batir take aiki, shi kuma ba ya yar da batir sai ya shanya shi a rana sau uku. Batir in ya yi sanyi kaset yana jan ƙafa, murya ta yi kauri. Shekara ashirin yana jin Rafi a hankali, har kunnensa ya ɗauka haka Rafi yake. Amma wurin? Na ce, "Yaya, wane wuri?" Bai ba ni amsa ba, sai ya kira 'yarsa ya ce ta buɗe adakar mahaifiyarta. Can ƙasa, cikin tsohon ɗankwali, ga kaset ɗin, na minti casa'in, rubutun biro a jikinsa ya koɗe. Kwafi ne na kwafi, wani mai shago ya ɗaukar mana da rikoda mai baki biyu.

Ban yarda an kunna shi a nan ba. Zaren da ya yi shekaru a kwance yakan manne, in rikoda ta cinye shi shi ke nan. Na taho da shi Dapaong wajen wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya sa biro ya juya zaren a hankali daga farko har ƙarshe ya dawo da shi, ya canja wa wata tsohuwar rikoda bel, ya goge mata kai, sannan muka haɗa ta da kwamfutar yaron da waya, ba kara wayar hannu a bakin lasifika ba. Sau ɗaya muka kunna.

A wajen sauti shi ne mafi muni cikin huɗun. Shuuu daga farko har ƙarshe, wani wurin murya ta nutse ta taso. A tsakiyar waƙar Rafi sai ƙas, kiɗa ya ɗauke. Ga kukan zakara, ga turmi can nesa, sai muryar matar Yaya, Allah ya jiƙanta, tana faɗa wa yaro ya saki rikodar babansa ya miƙo mata ludayi. Daƙiƙa bakwai. Sai ƙas, 'yan amshi suka ci gaba. Ba a karya 'yan kunnuwan da ke saman kaset ɗin ba, shi ya sa da yaro ya danna jan maɓalli ta ɗauka. Na tuna ranar ma, Yaya ya yi ta faɗa an ɓata masa kaset. Yau shekararta goma sha ɗaya da rasuwa, ba ta taɓa riƙe waya mai ɗaukar murya ba, kuma a iya sanina ba inda muryarta ta rage sai nan.

Ɗana ya so ya wanke shuuu ɗin da kwamfuta. Na ce ya ajiye guda yadda take, kada ya taɓa. Ya yi wata ya ɗan rage mata gudu, yana ƙunƙuni wai yana lalata waƙa da hannunsa. Na tura wa 'ya'yan Yaya biyu ta WhatsApp a matsayin takarda, ba saƙon murya ba, don kada ta ƙara matsuwa.

Asabar da ta wuce na koma Sokodé da katin cikin 'yar rediyo mai caji da rana daga shagona. Na sa masa mai rage gudun. Da aka zo wurin bai yi kuka ba, bai ce komai ba, sai "Auta, mayar baya kaɗan." Na mayar. Ya sake cewa, na sake. A na uku aka kira la'asar, ya ce in kashe in miƙo masa buta. Muna alwala ya tambaye ni nawa mai gyaran rediyon ya karɓa. Na ce jaka biyu. Ya ce an cuce ni.