Ina Littafin Cinikinmu da Sinawa?

Ya ku 'yan'uwana 'yan kasuwa, maza da mata, na Kasuwar Dole da Zango da Birni da sauran kasuwannin ƙasar Damagaram. Yau ina so mu tattauna kan wani al'amari da wasu za su ce na malaman jami'a ne, alhali kuwa ya shafi aljihunmu kai tsaye, wato maganar takardun huldar ƙasarmu da ƙasar Sin, waɗanda muke kira Shinuwa a bakin kasuwa.

Kowane ɗan kasuwa ya san darajar littafin bashi. Hajiyar da ke sayar da atamfa, ko ba ta iya boko ba, tana da yaron da ke rubuta mata wanda ya ɗauki turmi nawa da ranar da zai biya. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, abokin cinikinsa ya zo da littafinsa ya ce yana bin marigayi kuɗi masu yawa, ita kuwa ba ta da ko ƙyallen takarda da za ta nuna, haka nan ta sayar da kayan ɗakinta ta biya. Wataƙila mutumin gaskiya ya faɗa, wataƙila kuma ya ƙara, Allah ne masani, amma tun da littafi ɗaya ne a zaure, maganarsa ce ta ci. Ba a banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, take umurtar mu da rubuta bashi da kafa shaidu.

To jama'a, irin halin da matar nan ta shiga shi ne nake jin tsoron ƙasarmu za ta shiga game da Sinawa. Cinikin nan ya haura shekara sittin, kuma ya sha juye-juye. A 1963 gwamnatin Diori Hamani ta ƙulla hulɗa da Taiwan, tsibirin da ke jayayya da Bejin kan wane ne halattaccen wakilin Sin. A lokacin ita Bejin tana tare da 'yan Sawaba na Djibo Bakary, har wasu samarin jam'iyyar suka samu horon soja a can kafin yunƙurin da suka yi da makamai a 1964. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki, Nijar ta koma wajen Bejin a watan Yulin 1974. A 1992, da baitulmali ya bushe har albashi ya gagara, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadou Cheiffou ta sake komawa wajen Taiwan saboda rancen dalar Amurka miliyan 50, Bejin ta yanke hulɗa. A watan Agustan 1996 kuma, zamanin Ibrahim Baré Maïnassara, aka sake ɗinkewa da Bejin. Kowane juyi daga cikin waɗannan da alƙawarin da aka ɗauka da kuɗin da aka karɓa, kuma duk an rubuta su. Tambayata ita ce, ina namu kwafin, kuma wa ya isa ya gan shi?

Su dai Sinawa ba sa wasa da takarda. Ma'aikatar harkokin wajensu tana da ma'ajiya a Bejin, inda ake adana wasiƙun jakadu da bayanan tattaunawar shugabanni. A 2004 suka fara buɗe ta ga masu bincike, suka fitar da takardun 1949 zuwa 1955, a 2006 suka ƙara da na 1956 zuwa 1960, a 2008 kuma na 1961 zuwa 1965. Wannan kashi na ƙarshe ya haɗa da lokacin da firaministansu Zhou Enlai ya zagaya ƙasashen Afirka goma, ciki har da Gana da Mali da Gini, daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964. Masana daga ko'ina suka yi ta tururuwa suna kwafa. Amma daga wajajen 2012 zuwa 2013 sai hukuma ta janye mafi yawan abin da ta buɗe, takardar da mutum ya karanta bara ya dawo bana a ce masa babu ita. Abin da ya tsira shi ne wanda masu bincike suka riga suka kwafa, kamar waɗanda cibiyar Wilson ta Amurka ta fassara ta ɗora a intanet. Ita ma Taiwan tana da nata tsofaffin takardun harkokin waje a ajiye a cibiyoyin bincikenta. Darasin a fili yake, kayan aro ba ya rufe katara. Mai littafi yana buɗe shi ranar da ya ga dama, ya rufe ranar da ya ga dama, kuma ba laifinsa ba ne, domin kowace ƙasa maslaharta take karewa.

Mu Damagarawa mun san ciwon wannan tun kafin zuwan Sinawa. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma daga Tarabulus a nan yake sauka, Sarki Tanimun ya gina ganuwa ya ƙera igwa, attajirai irin su Malam Yaro suka shahara har ƙetaren hamada. Amma yau mai son sanin yadda kasuwar garin nan take a wancan zamani sai ya nemi abin da baƙi irin su James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a 1851, da Heinrich Barth suka rubuta. Zinder ce hedikwatar mulkin mallaka har zuwa 1926, amma mai bin diddigin wannan zamani sai ya tafi Yamai, ko Dakar, ko garin Aix-en-Provence na Faransa. Marigayi Farfesa André Salifou, ɗan garin nan, sai da ya haɗa bakin dattawa da takardun Turawa kafin ya fitar da littafinsa kan daular Damagaram a 1971. Tarihin Sawaba kuwa, wani Bature ɗan Holan, Klaas van Walraven, shi ya bi tsofaffin 'yan jam'iyyar gida-gida yana tambayarsu, ya kuma tona takardun Faransa da na Nijar, ya wallafa babban littafi a 2013. Da ya makara da shekara goma, da yawancin dattawan sun tafi da labarinsu kabari.

Yanzu mu zo kan abin da ke gabanmu. A 2008, zamanin Tandja Mamadou, Nijar ta sa hannu da kamfanin CNPC na Sin kan man Agadem da ke jihar Difa, aka biya ƙasar dalar Amurka miliyan 300 na sa hannu. Daga nan aka gina matatar SORAZ a arewacin Zinder, kan hanyar Tanut, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, Sinawa na da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar na da 40. Daga baya aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin gaba, wanda za a biya da ɗanyen mai cikin wata 12 da kuɗin ruwa kashi 7 cikin ɗari. A watan Maris na 2025 kuma hukumomi suka sallami manyan jami'an Sinawa uku na harkar mai, a daidai lokacin da ƙasar ke fama da dogayen layuka a gidajen mai. Duk wanda ya yi hayar mota daga Zinder zuwa Magarya ko Matamai a wancan lokaci ya san abin da ƙarancin mai ke yi wa kuɗin dakon kaya, kuma mai sayar da tumatir da albasa ita ce ta fara ji a jikinta.

Idan rigima irin wannan ta tashi, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ne ya saɓa alƙawari. Mu talakawa ta yaya za mu gane mai gaskiya in ba mu ga abin da aka sa wa hannu ba? Tsarin mulkin 2010, a sashe na 150, ya wajabta a buga kwangilolin ma'adinai da na mai a jaridar gwamnati. An dakatar da wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, amma hikimar da ke cikin wannan sashe ba ta mutu ba, kuma duk mai cewa dukiyar ƙasa ta 'yan ƙasa ce shi ya fi cancanta ya riƙe ta.

Na san wani zai ce akwai sirrin gwamnati. Gaskiya ne, ko ɗan kasuwa ba ya faɗin sarinsa ana tsakiyar ciniki. Amma sirri yana da wa'adi. Ita kanta Sin dokarta ta 1987 ta sa shekara 30 kafin a buɗe takardu, gyaran 2020 ya rage zuwa 25, duk da cewa ta ware abin da ta kira sirrin ƙasa. Wane haɗari ne zai same mu yau in ɗalibi ya karanta abin da aka yi da Taiwan a 1992? Wani kuma zai ce takarda ba ta sauke farashin gero. Haka ne, amma wanda zai zauna da Sinawa gobe, in ya san inda na gabansa suka yi tuntuɓe, ba zai sayar da mu da araha ba. Waiwaye adon tafiya ne.

Don haka ina kira ga hukumomi da su tattara kwafin duk yarjejeniyoyin da suka shafi matatar nan da filayen da aka karɓa da diyyar da aka biya, a ajiye a nan Zinder, a Jami'ar André Salifou, inda ɗan Bakin Birji zai iya zuwa ya duba ba sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai ba. A fassara muhimman sassan da Hausa a karanta a gidajen rediyo. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Sin suka iya harshen, a ba su aikin kwafo abin da ya shafe mu tun ƙofa tana buɗe. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram ma tana da rawar da za ta taka wajen kiran dattawa a naɗi muryoyinsu.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa, kada ku ɗauka tarihi na gwamnati ne kaɗai. Alhazai da Hajiyoyin da ke zuwa Gwanzu sarin kaya, rasiɗanku da takardun kwastan da na jirgin ruwa da hotunan da kuke ɗauka su ne shaidar yadda babur da wayar hannu da atamfar Sin suka shigo kasuwanninmu, da yadda suka taɓa sana'ar dukawa da masaƙa da maƙera. Kada ku bari a ƙulla ƙosai da su, ko gara ta cinye. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sami akwatin ƙarfe ɗaya da amintaccen magatakarda, kowace shekara a zuba abin da aka gama amfani da shi. Ranar da rikici ya tashi tsakaninku da abokin ciniki, wannan akwati ne zai tsaya muku, ranar da jikokinku suka tambayi yadda aka yi kuma, za su sami amsa daga hannunku.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.