Sharhi: Dutsen Tunguma da Sarautar Lugu

Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Arewa, cikin jihar Doso.

Duk wanda ya bi babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni ya ga dutsen nan da ya yi wa gari rumfa, wanda ya ba Dogon Dutsi sunansa. To, Arawa suna da wani dutse da bai kai shi tsawo ba, amma ya fi shi labari. Shi ne Tunguma, kusa da ƙauyen Lugu a ƙaramar hukumar Dankasari.

Tarihin baka ya ce Sarauniya ta farko daga Daura ta taso, Tunguma na yi mata jagora, har ta yada zango a Lugu. Tun daga nan Azna, masu bin addinin gargajiya, suka mai da shi alƙali. Idan gardamar gona ko zargin sata ya gagari dattawa, sai a ɗunguma wurinsa. Mai ƙara da wanda ake ƙara su zauna, mai kula da dutsen ya gabatar da magana, kowa ya zuba ido, domin a imaninsu motsin dutsen ne ke nuna mai gaskiya.

Haka ma zaɓen Sarauniya yake da tasa al'ada, wadda ake kira tarkama. Idan Sarauniya ta rasu, ba a zaman masu zaɓe. Sai a naɗe gawarta, maza su saɓa a kafaɗa, su yi ta zagayawa da ita. Masu ɗaukar sun ce gawar ce ke jansu, har ta tsaya a gaban matar da za ta gaje ta. Daga ranar, wannan mata ta bar harkar gidanta, ta koma ɗakin sarauta, jama'a na zuwa neman shawara da albarka.

Yau yawancin Arawa Musulmi ne, kuma mun san gaibu na Allah ne shi kaɗai. Amma mu dubi abin da magabata suke gudu: rigimar gadon sarauta da rantsuwar ƙarya. Sun nemi hukuncin da mai dukiya ba zai saya ba, mai ƙarfi ba zai murɗe ba.

Gidan sarautar Lugu ne ya haifi Sarauniya Mangu, wadda ta ja daga da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, lokacin da suke ƙona garuruwa a kan hanyarsu ta zuwa Tafkin Chadi. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Sunan Sarauniya ya zagaya duniya, amma yaran Dogon Dutsi da Tibiri nawa ne suka taɓa taka Lugu? Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muna kira ga hukumomi su killace Tunguma, malaman makaranta su kai ɗalibai su gani da idonsu, matasa kuma su ɗauki muryar tsofaffi tun suna raye.